Naman Daji a Hanyar Shagari

Da hutun rani muka bar Sakkwato, muka wuce Bodinga da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin 1815. Kusa da Shagari, garin Shugaba Shehu Shagari wanda ya rasu a 2018, muka iske mafarauta sun komo da karnukansu. Zomaye huɗu kurum, da zabi biyu.

Babbansu ya ce, "Malam, dā barewa muke kasawa. Yanzu gona ta cinye daji."

Duk da haka, kafin a yi rabo, ya ware zomo guda, ya aiki yaro wurin wata gwauruwa mai marayu. Wani saurayi ya yi gunaguni, yana nuna ƙayar da ta soke shi a ƙafa. Tsohon bai ko dube shi ba. Mu da muka tsaya don saye, muka mai da kuɗinmu aljihu.