Komodon Motar Baba

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ya san Takieta, ko da bai taɓa sauka ya sha ruwanta ba. Garin yana yamma da Damagaram da wajen kilomita 50, kuma a nan ne hanya take rabuwa: mai zuwa Tasawa da Maraɗi ya miƙe yamma, mai zuwa Kance da Matamaye ya karya kudu, ya bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam har ya faɗa Daura da Kano. Tun ina yaro nake zama a bakin wannan mararraba ina kallon motoci suna zaɓen hanya. Ban taɓa zaton cewa wata rana a daidai wurin zan kusa zama sanadin rasa rayuka uku ba, saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon alƙalami ba.

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 ce mai kujeru layi uku, ƙirar Faransa ta 1974, wadda ya saya hannu na biyu a 1979 ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Kano. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya saya mini littattafan lakwal har na zama malamin makaranta. Da ya rasu a 2012, ƴan'uwana suka ce a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe a raba kuɗin. Na ƙi. Na biya kowa rabonsa kaɗan-kaɗan daga albashina, na riƙe motar, ina jin cewa na cika wa Baba alkawari.

Matasan yanzu ba za su gane abin da Pijo take a idon iyayenmu ba. An fara ƙera 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, amma a ƙasashenmu ne ta sami gida. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, ƙafafunta suna haɗiye ramuka, injinta kuwa bakanike mai sifana goma zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Da yake Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kamar yadda ake yi a Nijar, sai kayan gyaran ƙasashen biyu suka zama ɗaya, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta zama rumbun kowane direban Damagaram. Faransa ta daina ƙera motar a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekara ta 2000. Yau babu inda ake ƙera ta, sai waɗanda suka rage suna cin naman ƴan'uwansu da suka mutu.

A jikin wuyan sitiyarin motar akwai ɗan sanda wanda makanikanmu suke kira komodo. Shi ake turawa a kunna kilinyota, wato fitilar nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda mota za ta karkata. A tsofaffin Peugeot irin ta Baba, a hannun dama yake, saɓanin yawancin motocin yau, har baƙon direba yakan yi ta lalube a hagu. Namu ya fara ciwo a 2018. Da farko sai an jijjiga shi kafin hagu ta kama. Daga baya ya saki gaba ɗaya, yana lilo kamar haƙorin tsoho. Na ce zan gyara. Wata ya bi wata. Na canza taya, na canza batir, na sayi mai, domin in babu su motar ba za ta tashi ba. Komodo kuwa, mota tana tafiya lafiya lau ba tare da shi ba. Na koma fitar da hannu ta taga kamar direbobin dā. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, sai na sami uzurin da nake nema: ai kayan Kano ba sa shigowa.

Wata safiya cikin Disamba na wannan shekarar, na taso daga Damagaram zan kai wata gwaggona Matamaye. Hunturu ya yi tsanani, hazo ya rufe gari, tsohuwa tana tari, don haka na ɗaga gilasai duka. Da na iso mararraba na rage gudu, na duba gaba, babu mota, na karya hagu. Ban fitar da hannu ba. Ƙara kawai na ji a gefen ƙofata. Ɗan kabu-kabu ne ya taho daga baya zai wuce ni, ɗauke da mace mai goyo. Babur ya zame, suka zube a bakin kwalta. Allah ya kiyaye, jaririn bai ko ƙwarzane ba, uwar ta kuje a gwiwa, mai babur kuwa hannunsa ya karye a wuya.

Da na durƙusa kansa sai na gane shi. Tsohon ɗalibina ne, wanda na koya wa karatu da lissafi shekara biyu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni yana riƙe da hannunsa ya ce, “Mushe, ai ba ka faɗa mini za ka juya ba.” Iyayensa sun ƙi a kai maganar gaban hukuma, suka ce tsautsayi ne. Na biya kuɗin ɗori da gyaran babur, amma wata biyu yaron bai yi aiki ba, alhali shi ke ciyar da uwarsa. Ni kuwa na san ba tsautsayi kaɗai ba ne, domin fiye da shekara guda ina kallon wannan sanda yana lilo.

Na jingine motar, na tafi wurin wani dattijon bakanike wanda ya yi wa Baba yaron mota a ƙuruciyarsa, muke ce masa Kawu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, “Ɗana, mahaifinka yakan fita da fitilar gaba guda, amma ban taɓa ganin ya bar tasha kilinyota ba ta ƙyaftawa ba.” Bai ƙara komai a kai ba. Muka shiga neman komodo. Wani direba ya samo mana ɗaya a Damagaram, sabo fil a kwali, amma na ƙirar baya ne, bakin wayoyinsa bai dace da namu ba. A ƙarshe Kawu ya tuna da wata 504 da ta mutu tun tuni a wani ƙauye kusa da Kance. Muka same ta a bayan gida, ba taya ba gilashi, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Mai ita ya karɓi jika uku, yana mamakin abin da malamin makaranta zai yi da wannan tarkace.

Kawu ya ce da hannuna zan yi aikin, shi nasa ido. Ya sa na daidaita tayoyin gaba suka miƙe sak, na cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, don kada wuta ta haɗu ta ƙone wayoyi. Na kwance murfin roba da ya rufe wuyan sitiyari, ina tara kusoshin a cikin hulata. Domin mu ga wurin sosai, muka cire sitiyarin kansa. Nan alli ya yi mini rana a wajen aji: Kawu ya sa na ja layi daga sitiyari zuwa kan sandar da yake zaune a kai, saboda in an mayar da shi a karkace, mota za ta riƙa tafiya sak sitiyari yana kallon gefe. Ya kuma hana ni zare babban noti gaba ɗaya. Ya ce in sassauta shi kawai in ja, domin sitiyarin da ya shekara arba'in a wuri ɗaya, in ya saki, haɓar mai ja yake nema.

Da tsohon komodo ya fito, na buɗe cikinsa don in ga abin da ya kashe shi. Ƴan faranta ne na tagulla, ba su fi farce ba, sun sha gogayya har sun yi rami, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar kwalta, ɗan sifirin da ke riƙe sandan kuma ya karye. Kawu ya nuna mini yadda abin yake aiki. Komodo ba shi ke sa fitila ƙyaftawa ba, zaɓen hanya kawai yake yi wa wuta, ko ta bi hagu ko ta bi dama. Mai ƙyaftawar wani ɗan gwangwani ne a ƙarƙashin allon gaba, cikinsa da siririn ƙarfe wanda zafin wuta ke motsa shi ya yanke hanya, in ya huce ya koma ya haɗa. Wannan kai da komowa ita ce ƙarar “tik, tak” da na yi barci da ita sau da yawa a cinyar Inna a hanyar Kano. A jikin sandar sitiyari kuma akwai wani ɗan tudu da ke bugun komodo ya mayar da shi tsakiya idan an gama kwana, don kada mota ta ci gaba da faɗin abin da ya riga ya wuce.

Wayoyin ne suka ba mu wuya. Peugeot ta dā da lamba take bambanta wayoyinta fiye da launi, lambobin kuwa zafi da shekaru sun goge su. Na yanka takarda ƙanana na rubuta wa kowace waya suna kafin in zare ta, kamar yadda nake yi wa ƴan aji ɗaya ranar shiga makaranta. Kawu ya haɗa ƙwan fitila da guntuwar waya ya yi abin gwaji, muka mayar da batir muna bi ɗaya bayan ɗaya har muka gane mai kawo wuta da masu kai ta. Muka goge tagullar komodon kaji da takarda mai ƙaiƙayi, muka shafa masa sabon giris, muka ɗaura. Dama ta kama nan take. Da na tura hagu, sai fitilar birki ta baya ta shiga ƙyaftawa a raunane tare da ita. Gabana ya faɗi, Kawu ya yi dariya. Ya ce tsatsa ce ta cinye inda fitilar baya take haɗuwa da jikin mota, wuta ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta gidan maƙwabta. Muka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari. Ana kiran la'asar, fitilu huɗu suna ƙyaftawa kowace a lokacinta.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Kusan komai na jikin mota don na cikinta aka yi shi: inji ya kai shi, birki ya tsayar da shi, fitilar gaba ta haska masa hanya. Kilinyota kuwa direba ba ya ko ganinta, don na waje aka yi ta. Shi ya sa ita ce ta ƙarshe da ake gyarawa idan aljihu ya yi sanyi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai tafiya a ƙasa, ko bisa jaki, ko a kan raƙumi cikin ayarin fataken da suka bi wannan hanya zuwa Kano a zamanin Sarki Tanimun, ana ganin fuskarsa da kafaɗarsa a san inda ya nufa. Wanda ya shiga mota ya ɗaga gilashi ya ɓoye fuskarsa, kuma wannan ƴar fitila ita ce abin da aka ba shi a madadinta. Direbobin manyan motocinmu sun fahimci haka har suka faɗaɗa harshen: a hanyar dare, in na gabanka ya kunna maka hagu, yana ce maka kada ka wuce, akwai mai zuwa; in ya kunna dama, ya ba ka hanya. Mutum ne da bai san ka ba, ba zai ƙara ganinka ba, yake ara maka idonsa.

Mu malamai muna koya wa yara sallama kafin shiga gida, da gaisuwa, da neman izini. A tarurrukan ƙungiyoyinmu muna yawan kukan cewa tarbiyya ta lalace, muna nufin ta yara. Ni da na shekara ashirin ina faɗa wa ɗalibai cewa mutumin kirki yakan sanar kafin ya aikata, ɗalibina ne ya tuna mini da darasin yana kwance a bakin kwalta. Na riƙe motar Baba ina alfahari da cewa na adana gado, ina wanke ta, ina goge zakin da ke hancinta, ashe ƙarfen na adana, na bar ɗabi'ar mai ƙarfen ta lalace a hannuna.

Hannun yaron ya warke, ko da yake yakan yi masa tsami lokacin sanyi. Har yanzu yana aikinsa a mararraba. Duk sa'ad da na taso daga Damagaram zan karya kudu, tun daga nesa nake tura komodo, in ji “tik, tak” ta cika motar. Idan yana wurin yakan ɗaga mini wancan hannun, ni ma in ɗaga masa nawa. Tsohon komodon kuwa yana cikin aljihun teburina a makaranta. A farkon kowace shekara nakan fito da shi in aje gaban sababbin ɗalibai, in tambaye su ko akwai wanda ya san amfanin wannan abu, da kuma wanda aka yi shi dominsa.