Wa Za Ka Buɗe Wa Cikinka a Nan Kudu?



Mu mazauna Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba mun san yadda magana take yawo a unguwanninmu. Ka faɗa wa mutum ɗaya sirrinka da Azahar, kafin Isha'i ya kai teburin mai shayi. Shi ya sa da yawanmu muke haɗiye damuwa, ga dangi sun yi nisa, har ta hana mu barci da neman abinci.

To, akwai waɗanda aikinsu ke nan, sauraron mai damuwa. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa da zama da tattaunawa yake aiki. Ana samun su a asibitin Yaba da ke Legas, da na Aro a Abeokuta, da asibitin koyarwa na Ibadan. Zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace. Hatta dokar 1958 mai kiran marasa lafiya mahaukata an maye gurbinta da sabuwa a 2023.

Bayan rasuwar mahaifina na ga mutum biyu. Na farko yana da takardu, amma idonsa na kan agogo. Da na ce ina tashi sallar dare, sai ya dube ni kamar na ambaci wata sabuwar cuta. Ban koma ba.

Ta biyu Bayarabiya ce, ba ta jin Hausa. Idan Turanci ya ƙare mini, sai ta ce in faɗa da Hausa tukuna, sannan mu nemi ma'anarsa tare. Ranar farko ta bayyana mini cewa maganarmu ba za ta fita ɗakin ba, sai in rai na cikin haɗari. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma raina addu'ata ba. Wani zaman nakan fito jikina a mace, domin ta taɓo inda ke ciwo, amma ban taɓa fitowa ina jin an wulaƙanta ni ba. Alamar da nake so ku riƙe ke nan.

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro tare da danginsu, saboda ya gane mutum ba ya warkewa a raba shi da al'adarsa.

Don haka ka tambayi mai duba ka abin da ya karanta, da kuɗin zama, da wanda zai ga takardunka. In sai da tafinta, kada ya zama maƙwabcinka. Mace na da damar neman mace. In an yi zama uku ko huɗu hankalinka bai kwanta da shi ba, ka nemi wani, ba laifi ba ne.

Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, amin.