Babur Marar Inji

Mu biyar ne, dukkanmu 'yan aji biyar, kuma keke ɗaya gare mu. Shi ne baƙin keken nan mai kaurin taya da kuke gani a jingine a bayan ɗakin gwaje-gwaje ran Juma'a, wanda ƙannenmu na aji ɗaya suka laƙaba wa suna "babur marar inji". Tambayoyi sun yi yawa a kansa, ga kuma raɗe-raɗin da ke yawo cewa za a hana shigowa da shi makaranta. Shi ya sa muka roƙi editan wannan allo ya ba mu fili mu yi wa 'yan uwa ɗalibai da malamanmu bayani.

Wata bakwai muka yi muna adashe da kuɗin tara kafin mu saye shi. Ɗayanmu ya sayar da tattabarunsa, wani kuma ya yi aikin hutu a shagon kawunsa. A wurin mai gwanjon kekuna muka same shi, cikin kayan da aka sauke daga Turai, kuma mai shagon ya riga ya gaji da ganinsa. Duk wanda ya ɗaga shi sai ya ajiye, ya ce nauyi. Ba kariya, ba madogari, ba wurin ɗaura buhu ko jarka. A idon mai zuwa gona wannan ba keke ba ne, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin tsohon Raleigh na kakanninmu ya fi shi amfani a wannan fanni nesa ba kusa ba. Rashin masaya ne ya sa kuɗinsa ya sauko har ya zo daidai aljihunmu.

An ƙera shi ne don saukowa daga kan dutse da gudu. Mun ɗora shi a sikelin mai sayar da hatsi, ya ba da kilo 18. Yana da shokozoba biyu, ɗaya a fok na gaba, ɗaya a tsakiyar jikinsa mai riƙe da tayar baya, kuma kowace taya tana iya lotsawa sama har santimita 18 kafin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Birkinsa na faifai ne mai aiki da mai, irin na babur, ba roba mai matse rim ba. Tayar gaba ta ɗan miƙe gaba fiye da ta keken da muka saba, don kada mahayi ya kifa ta kan sitiyari idan gangare ya yi tsanani.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne shokozobar baya, kuma malamin fiziks ne ya buɗe mana ido a kanta. Abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin na ƙarfe a waje, akwai kuma bututu cike da mai a tsakiyarsa. Idan taya ta daki dutse, sifirin yana matsewa ya haɗiye bugun, gwargwadon ƙarfin bugu gwargwadon matsewa, wato dokar Hooke ɗin nan da muka haddace a aji huɗu ba tare da mun san inda za ta yi mana rana ba. Amma sifirin shi kaɗai mugun aboki ne: abin da ya karɓa zai mayar maka nan take, ya cilla ka sama. Aikin man shi ne ya hana wannan. Ana tilasta masa ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi, sai ya rage saurin dawowar sifirin, ƙarfin bugun kuma ya koma zafi. Malam ya ce mu taɓa bututun bayan mun sauko daga gangare. Muka taɓa, muka ji da ɗumi. Tun daga ranar babu wanda ya sake yin gyangyaɗi a darasin sauyawar makamashi, a cikinmu dai.

A jikin sifirin an rubuta 450. Malam ya ce ma'anarsa sai an danna shi da nauyin da ya kai kilo 204 kafin ya matse inci ɗaya, sai dai yadda aka haɗa ƙarafan baya yana ninka nauyin mahayi wajen sau biyu da rabi kafin ya isa gare shi. Ƙa'ida ita ce, idan ka hau ka zauna kurum, keken ya lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakarsa, domin taya ta samu damar bin rami ƙasa kamar yadda take bin tudu sama. To a nan gizo ke saƙa. Wanda ya mallake shi a can Turai, ko wane ne, da alama ƙato ne. Mafi nauyi a cikinmu kilo 63 ne, kuma a ƙarƙashinsa ne kaɗai keken yake lotsawa kusa da yadda ake so. Ƙaraminmu idan ya hau, keken ko gezau. Mun sassauta zoben da ke matse sifirin har ƙarshe, ya ɗan taimaka, amma maganin gaskiya shi ne sifirin mai laushi, kuma har yau muna cigiya.

Wannan wasa ba tsoho ba ne. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tono tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tsauni. A 1976 suka fara wani tsere da suka kira Repack, a hanyar da ba ta kai kilomita 4 ba amma tana sauka kimanin mita 400. Sunan ya samo asali ne daga birkinsu, irin wanda ake takawa da feda ta baya: kafin a iso ƙasa giris ɗin cikinsa ya ƙone ya zama hayaƙi, dole a kwance a sake cusa sabo. Gary Fisher ya sauko hanyar cikin minti 4 da daƙiƙa 22. Wannan labari yana yi mana daɗi, domin su ma da gwanjo suka fara. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar kekuna ta duniya a Durango, jihar Kolorado. Daga baya wasan ya yi rassa. Akwai tseren gangare, inda ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya agogo ya raba gardama. Akwai kuma wanda suke kira firirayid, wato hawan ganin dama, wanda ya bunƙasa a yammacin Kanada, inda ba agogo ake kallo ba sai irin hanyar da ka zaɓa da yadda ka bi ta. Kada kuma wani ya ce mana wasan ba na 'yan Afirka ba ne. Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya zama zakaran duniya a tseren gangare sau huɗu, a 2003 da 2012 da 2013 da 2021. Na 2013 a garinsu Pietermaritzburg ya ci, na ƙarshen kuma yana da shekara 39.

Namu keken yana tsakanin rassan biyu. Keken tseren gangare zalla ba ya hawa tudu ko kaɗan. A wurare irin su Whistler a Kanada, kujerun lilo masu tafiya a kan waya ne ke kai mahayi da kekensa sama. Namu yana da giya mai laushi da za ta hau da kai, a hankali, kana haki. Mu a nan Jos ƙafa ce kujerar lilonmu. Minti ashirin muna tura shi sama, minti biyu a sauko, sannan na gaba ya karɓa. Mai sauraron layinsa shi ne mai tura wa wanda ya gaji.

Allah ya hore wa wannan gari abin da wasu ke biyan kuɗi su je nema: duwatsu, da tudun ƙasar da masu haƙar kuza suka bari. Hanyarmu wata 'yar siririyar turba ce ta masu kiwo, nesa da kududdufan kuza, waɗanda ba ma kusantarsu ko da wasa. Kafin kowa ya hau, sai mun bi ta da ƙafa mun ga abin da ruwa ya canza.

Saukowar kanta ba a zaune ake yi ba. Ana sauke sirdi ƙasa, a miƙe a kan feda, ƙafafu a daidaice, gwiwa da gwiwar hannu a sake, yatsa ɗaya a kan kowane birki. Ido yana can gaba inda kake son zuwa, domin dutsen da ka zuba wa ido shi za ka daka. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke da gaske, amma lallaɓa shi ake yi, ba a damƙe shi, kuma ana rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Idan komai ya daidaita, sai ka ji abin mamaki: ƙasa tana ta rugugi a ƙarƙashinka, tayoyi na hawa da sauka, amma kanka yana tafiya sumul kamar kwano a kan mai talla. Da damina dutse yana santsi kamar an shafa masa sabulu. Da hunturu kuma tsakuwa ce ke zamewa, kuma mu mun fi tsoron ta hunturun.

A kan kwalta kuwa abin tausayi ne. Rabin ƙarfin da ka taka sifirin ne ke shanyewa, tayoyin na kuka kamar ƙudan zuma, kuma yaro a kan Phoenix zai wuce ka yana cin gyaɗa.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu, kuma da ku muke, ƙannenmu. Mun ga wasunku sun fara gangarowa ta bayan filin ƙwallo a kan kekunan nan masu sheƙi da ake sayarwa da sifirin a tsakiya. Kama da wane ba ta wane. Yawancinsu sifirin ne tsirara, babu mai a ciki, don haka duk bugun da suka karɓa sai sun rama a kanku. Birkinsu na waya ne mai saki, kuma ba a yi walda ɗinsu don tsalle ba. A makon jiya ɗaya daga cikinku ya tafi gida da ɗinki a haɓa, kuma daga nan ne maganar hanawa ta taso. Muna roƙon hukumar makaranta, cikin ladabi, ta duba wannan: idan aka hana a nan, yaran ba za su daina ba, za su koma bayan gari ne inda babu babba ko ɗaya. Mu ba mu taɓa hawa ba hular kwano ba. Guda ɗaya gare mu mai rufe haɓa, da safar hannu, da abin kare gwiwa, kuma suna bin keken ne duk inda ya je. Wanda bai sa ba, ba ya hawa, ko da kuɗinsa ya fi na kowa a adashen.

Riƙe shi ma ba wasa ba ne. Tib ɗinsa ba ya wahalar samu, tunda taya mai inci 26 ce, amma sauran kayan sai an sha yawo. A murfin birkinsa an rubuta irin man da yake sha, kuma ba irin na mota ba ne. Wani mai gyara ya ɗauko na mota zai zuba, muka ce, "Baba, don Allah a dakata," domin man da ba nasa ba yana cinye robobin ciki, birki ya mutu gaba ɗaya. Boris ɗin mahaɗar baya ya fara ƙara, fok kuma yana tsattsafar da mai ta gefen hagu. Duk ran Asabar sai mun wanke sarƙa, mun bi kowane noti da sifana.

Saboda haka ne kanmu ya rabu a farkon wannan zango. Biyu daga cikinmu suka ce a sayar tun yana da daraja, ga kuɗin rajistar jarrabawar fita na tafe baɗi, kuma ba kowane gida ne zai iya biya cikin sauƙi ba. Maganarsu gaskiya ce, babu wanda ya musa. Sauran ukun suka ce wanda zai saya a yau ba zai ba da ko rabin abin da ya dace ba, tunda dalilin da ya sa muka same shi da araha bai gushe ba. Mun yi kwana uku ba ma ga maciji. Abin da muka tsayar a ƙarshe shi ne, keken zai zauna har ƙarshen zango na uku. Idan lokacin rajista ya yi kuma akwai wanda kuɗinsa bai cika ba a cikinmu, za a sayar ba tare da an sake zama ba, a fara cike masa, sannan a raba saura. Mun rubuta, kowa ya sa hannu, takardar tana wurin malamin ajinmu.

Kafin nan, malamin fiziks ya nemi mu kawo shi ajin 'yan aji huɗu ran Laraba don a auna lotsawar sifirin da ruwan jarka, a zana jadawali. Wanda kuma yake son ya gwada hawa, ya zo da rubutaccen izinin mahaifinsa ko mariƙinsa, ya same mu ran Juma'a bayan an tashi, idan hukuma ta amince. Makon farko a fili za a yi, koyon birki kawai, babu gangare. Idan kuma akwai wanda yayansa ko kawunsa ke harkar gwanjon kekuna, a taya mu cigiyar sifirin mai lamba 350.