Akwatin da ke jiran amsa

A Bazaga, yamma da Birnin Ƙonni, akwai wani dattijo da ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran rediyo. Tun da wayar salula ta shigo, masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa, amma shi bai rufe ɗakinsa ba. Sai ma ya koma bin akwatunan da kansa: wanda aka yar bayan rumbu, wanda magada suka rasa yadda za su yi da shi, wanda ya fanso daga hannun ƴan gwangwan kafin su fasa shi don tagullar ciki.

Cututtukansu bai jahilci ko ɗaya ba. Ƙurar hunturu kan toshe maɓallin neman tasha. Batirin da aka mance a ciki kan zubo ruwa ya cinye ƙarfe. Zanzaro kuwa, da ya sami kafa, sai ya gina ɗakinsa a bayan lasifika. Dattijon kan share da gashin kaza, ya ɗora ƙarfen liƙi bisa gawayi kamar yadda ya koya a Sakkwato, ya narka dalma, ya ciro abin da ya rage da rai a matacciyar rediyo ya dasa wa mai sauran numfashi.

Kowane akwati da tarihinsa. Ga wata National da ya ce a gindinta unguwa guda ta ji, ranar 15 ga Afrilu 1974, cewa sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché sun kifar da Diori Hamani. Ga wata Philips da ta sha kawo Kaduna, da sashen Hausa na BBC wanda aka buɗe a 1957, da gidan rediyon Nijar na 1958 da ya zama Muryar Sahel. Sai dai duk halinsu ɗaya: su faɗa, talaka ya saurara. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar a 1962 ta yi ƙoƙarin gyara wannan, inda masu jagorancinta, galibi malaman makaranta, ke ɗaukar muryar manoma a faifai su aika Yamai. Aiki ne da ya cancanci a tuna da shi fiye da yadda ake yi, ko da yake manomi sai ya yi haƙuri kafin ya ji kansa.

Shi ya sa wani baƙin akwati ƙirar Midland ya fi sauran daraja a wurinsa. Irin rediyon nan ne da Turawa ke kira CB, na oba-oba, wanda mutum ke danna makirufo ya yi magana, ya saki ya ji amsa. Amurka ta ware wa jama'a wannan zango na megahaz 27 a 1958. Direbobin manyan motoci suka rungume shi bayan matsalar man fetur ta 1973, suna sanar da juna inda ake samun mai da inda ƴan sanda suka laɓe, har aka ƙara tashoshinsa daga 23 zuwa 40 a 1977. Nasa ya zo ne cikin wata Peugeot 504, daga cikin waɗanda samarin Turai ke ƙetaro Sahara da su a shekarun 1980, ta Arlit da Agadas da Tawa, su sayar su koma gida. Wanda ya sayi motar bai ga amfaninsa ba, ya ba shi kyauta.

Shekara biyu ya yi yana neman abin da ya ƙone a ciki. Ranar da fitilar akwatin ta kama, sai ya tarar da abin da dalma ba ta gyarawa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk faɗin karkarar ba wanda ke da irinsa balle ya amsa.

Babban ɗansa ma bai so ya kama ba. A bakin iyaka, cikin wannan zamani na rashin tsaro, na'urar aika magana ba tare da takarda ba tana iya jawo wa gida tambayar da ba ta da daɗin amsawa. Ɗan yana da gaskiya, uban kuma ya san haka. Suka yi ta ja har aka tsaya a tsakiya: aka cire makirufon, ɗan ya kulle shi a adakarsa, akwatin ya zauna wurin uban.

Yanzu bayan la'asar yakan haɗa shi da batirin babur, ya ɗaga eriya bisa zana. Yawanci shuuu kawai ake ji. Amma wasu ranaku, idan sararin sama ya yarda, zangon kan tsallako teku da hamada, sai ga muryar wani direba da Italiyanci ko Sifaniyanci, tana kira tana jira. Dattijon ba ya jin ko kalma. Yakan dai matso da kunne, babban yatsansa na danna gefen gwiwarsa, har muryar ta nutse, jikokinsa kuma su zo su ce masa an kira magariba.