Abin da ya rage bayan wayata ta ƙone

A danginmu ni ake kira mai waya. Malamin firamare ne ni, kowa kuma ya san iyakar abin da albashinmu ke iya saye, amma tun ina saurayi nake da son taɓe-taɓen na'ura. Rediyo ta yi shiru in buɗe cikinta, tocila ta mutu in tashe ta. Da wayoyin shafa suka shigo, ni na buɗe wa kowa WhatsApp, ni na kafa zauren dangi, ni ake nema idan abin ya ƙi tafiya. Ina koyarwa a Gidan Rumji, gidanmu na gado yana wani ƙauye kusa da Agye, ƙannena biyu suna ci-rani, ɗaya a Agadas ɗaya a Kano. Saƙon murya, wanda yara ke kira bokal, shi ke riƙe da zumuncinmu. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta iya danne alamar makirufo ta yi mini faɗa na minti shida ba ta nemi taimakon kowa ba.

Ina yaro, ni nake rubuta wa tsofaffin ƙauyenmu wasiƙa zuwa ga ƴaƴansu da ke ci-rani, a sallame ni da dala biyar ko ƙuli-ƙuli. Yau wannan sana'a ta mutu, kuma ban yi mata kuka ba, domin tsohuwa ta huta da faɗa wa yaro asirin cikinta. Sai dai wata rana yayana, muna maganar ko a bar ƴammatan gidansa su wuce kwaleji, ya ɗaga wayarsa ya ce mini: "To, Mushe, me ya rage wa karatun naku? Ga wasiƙa nan tana magana da kanta." Na yi dariya kawai, don a ranar ba ni da amsa.

A shekarun Baba na ƙarshe na ɗauki wata ɗabi'a. Duk hutun da na je gida, bayan sallar isha'i sai in aje waya kusa da tabarmarsa in ja shi da hira. Ya ba ni labarin yadda gonakinmu suka koma fili fetal bayan farin shekarun baya, da yadda aka shigo da sassaben zamani, wato a daina tone kututture, a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu a gyara su su zama itace. Ƙasar Agye ta yi suna da wannan aiki, har baƙi na zuwa Ɗan Saga don su gani da idonsu. Baba ya san kowane gawo na gonarsa kamar ɗansa, ya kan ce itacen da ke zubar da ganye da damina don ya bar wa hatsi rana ya fi wasu mutane kunya. A cikin irin wannan hira ce ya faɗi yadda ya ba da gonarmu ta gabas jingina a yunwar 2005, shekarar da ta biyo bayan fari da fara, lokacin da tiyar hatsi ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Ya karɓi kuɗi da hatsi daga wani maƙwabci, da sharaɗin maƙwabcin ya yi ta noma har ranar da za a mayar masa da abinsa. Ba a rubuta komai ba. Wa ke neman takarda a gidan da ba a hura wuta ba?

Ɗiyata ta fari tana ajin CM1 a lokacin, rubutunta kuma kamar kaza ta bi takarda. Don in gyara mata hannu, na saya mata kaye mai shafi 100, na ce ta riƙa sauraren muryar kakanta tana rubutawa. Ta yi ta gunaguni, ta cika kusan rabi, hutu ya ƙare, kowa ya manta. Baba ya rasu bayan haka, Allah ya jiƙansa.

Sai ga watan Agusta na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarki, layin da ke tasowa daga Katsina ya shigo ta Gazawa ya mutu, muka koma kai waya rumfar masu caji da injin janareto. Wata yamma na je ɗaukar tawa na tarar da ita da zafi kamar an ciro ta daga murhu. Mai gyara a Maraɗi ya juya ta, ya shinshina, ya ce cikinta ya ƙone. Muryar Baba duka tana cikin wayar, ban kwashe ta zuwa katin memuwar ba. Ban aje kwafi a intanet ba saboda ina tsimin kuɗin data, ban kuma tura wa ƙannena ba don dogon saƙo na cinye musu kati. Ni da nake yi wa mutane wa'azin su adana kayansu! Na yi kwanaki ban iya faɗa wa Inna ba.

Bayan girbi ƙanena na Agadas ya dawo da kuɗi, ya ce lokacin fansar gona ya yi. Maƙwabcin shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ƴaƴansa kuma suka ce su dai sun san sayarwa aka yi. Ba na ce musu maƙaryata ba. Suna ƙanana aka yi abin, sun tashi sun ga mahaifinsu na noman wurin shekara 18, wa zai gaya musu ba nasu ba ne? Ga shi ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan a kudancin Maraɗi, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonta. Mai gari ya ce a kawo shaidu. Biyun da muka sani duk sun rasu. Na buɗe baki zan ce ina da muryar Baba, sai na tuna. Daga baya ma na gane ko da tana nan ba za ta raba gardama ba, tunda mutum ne ke yi wa kansa shaida.

Maiɗakina ce ta tono kayen a ƙasan akwatin tufafi. Na zauna da tocila ina karantawa da ƙyar, domin yarinyar ta rubuta Hausa ne da haruffan da lakwal ta ba ta: "koudi", "tchikin guida", "guéro", daidai yadda allunan bakin hanya ke rubuta Gazaoua da Guidan Roumdji. A shafi na goma sha wani abu na ga inda Baba ya ce an yi maganar a gaban mutum uku, na ukun shi ne wanda ya auna hatsin, daga baya ya yi ƙaura zuwa wajen Gazawa. Da kunnena na ji wannan magana a daren da aka yi ta, ta wuce ni. Ita kuwa da ba ta san amfaninta ba, ta rubuta don kada in yi mata faɗa.

Muka hau babur ni da ƙanena, muka yi ta tambaya ƙauye-ƙauye har muka same shi. Tsoho ne tukuf, ido ya tafi, amma hankali garau. Ya faɗi yawan tiyar da ya auna, ya ce jingina ce, ya kuma yarda a ɗauko shi ya maimaita a gaban mai gari. Maganar ta ja har damina ta sauka, suka shuka aya a wurin. Sulhun da aka yi bai yi wa kowa daɗi sosai ba: muka biya kuɗin da hatsin, suka tone ayarsu sannan suka saki gonar, aka bar musu gefen da ke da gawo uku saboda mahaifinsu ne ya rene su. Ƙanena har yau idan ya tuna da gawon nan sai ya yi tsaki. A wannan karo mun je wurin kwamitin filaye, COFO, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, aka ba kowa takardarsa. Suna ba da takardar sayarwa, ta kyauta, ta aro, har da ta jingina. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba, ko kuma suna jin kunyar neman takarda daga maƙwabci.

A matsayina na malami, abin da ya tsaya mini a rai shi ne waccan "koudi". Yarinya ta yi shekara biyar a aji, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake rubuta ɗ ko ƙ, har da ni ubanta da ke riƙe da alli. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma a yawancin azuzuwan da na sani yaro na fita ne bai iya rubuta abin da kakarsa ta faɗa ba. Ina ganin ba sai mun jira littafi daga Yamai ba. A ajina, kowace Juma'a nakan ba su aikin gida: ka tambayi wani tsoho abu ɗaya, ka rubuto layi biyar da Hausa. Sun kawo sunayen rijiyoyi, da yadda ake gane hadarin da zai yi ruwa, da maganin kunama. Wani uba ya zo har lakwal yana tambaya wa ya aiko yara binciken iyakar gonarsa, sai da na ba shi haƙuri, na kuma cire maganar gona daga jerin tambayoyin.

Yayana bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Amma ɗiyarsa ta biyu tana kwaleji a Agye yanzu, shi ya saya mata keke.

Na sayi wata waya da bashi, na kuma koma ɗaukar muryar Inna, wannan karo ina kwashewa a kati biyu. Ɗiyata ta ce za ta rubuta, amma jikka ɗaya kowane shafi goma, muka daidaita a kan rabi. Matsalar ita ce Inna: idan waya ce kaɗai sai ta yi ta zuba, da zarar ta ga an buɗe kaye sai ta gyara lulluɓi ta ce ita ba ta san komai ba. Yanzu yarinyar a bayan ɗaki take zama da biro, ni kuma in ce wa Inna ta tafi ɗebo ruwa.