Wata biyu da fara aiki, sai ga wani mai tsoka: ya tafi ko ya tsaya?

 Yau ba farashin hatsi muka zo da shi ba. Wata magana ce ta same mu har gida, muka ga bai kamata ta tsaya a zaure ba, don mun san akwai irinta da yawa.

Akwai wani ƙanenmu, ɗan maƙwabta, da ya tashi a gabanmu. Ya yi karatun informatik a Maraɗi, ya dawo ya yi kusan shekara biyu babu aiki: yau ya gyara wa wannan waya, gobe ya buga wa wancan takarda a ba shi dala ɗari. Sai Allah ya kawo wata ƙungiya mai aiki da ƙauyuka ta ɗauke shi kwantiragin wata shida. Aikinsa shi ne kwashe sunayen mutane daga manyan rijista zuwa kwamfuta, da kula da tablet ɗin da ma'aikata ke fita da su karkara, da intanet ɗin biro. Jika 90 a wata. Ranar da ya sa hannu, mahaifiyarsa har sadakar gumba ta yi.

Wata biyu da ƴan kwanaki, wani abokin karatunsa ya kira shi daga Yamai: akwai wuri, jika 250, shekara guda, amma ana son mutum ya fara ranar Litinin mai zuwa. Daren nan ya jira mu a ƙofar gidan rediyo har muka sauka daga shiri. Ya ce: "Yaya, don Allah mi ka gani? In tahi ko in tsaya?"

Abin da ya fara zuwa bakinmu shi ne alkawari kaya ne. Muka haɗiye shi. Mai albashi ne ke faɗin haka cikin sauƙi. Tsakanin 90 da 250 akwai jika 160 duk wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, SMIG, ya tsaya jika 42 tun farkon 2024, bayan ya yi shekaru a 30,047. Yaron nan shi ke sayen maganin babansa, kuma akwai yarinyar da ake jira ya kai kuɗinta tun bara. Masu cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, babu ɗaya cikinsu da zai cika masa wannan bambanci.

Kuma mu faɗi gaskiya, ita ƙungiyar da ta ɗauke shi, ranar da wata shida suka cika, in kuɗin projet ya ƙare, da "mun gode" za ta sallame shi. Duk mun gani. Bayan 26 ga Yulin 2023, da masu ba da tallafi suka janye hannu, matasa nawa aka ce su koma gida sai an neme su? A farkon 2025 da Amurka ta dakatar da taimakonta na waje, aka sake maimaita irinta. Babu wanda ya tambayi waɗannan yara ko sun shirya. To don me za a ce shi kaɗai ne biyayya ta wajaba a kansa?

Sai dai wannan misali kaifi biyu gare shi. Aikin Yamai ɗin ma kuɗin projet ne. Muka tambaye shi: wa ke ba da kuɗin? Ka ga takarda? Ya ce abokinsa ne ya tabbatar masa. Muka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kiran waya ba kwantiragi ba ne, kuma jika 250 a Yamai, in ka cire haya da taksi da abincin saye, ba ita ce jika 250 ta Mayahi ba, inda kake kwana ɗakinka kana cin tuwon Inna.

Muka ce ya kawo takardar da ya sa wa hannu. Nan muka gane bai karanta komi ba sai layin da aka rubuta kuɗi. Ba shi kaɗai ba ne, mu ma farkon aikinmu haka muka yi. Ga abin da ya kamata matasa su sani. Dokar aiki ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce kwantiragi mai wa'adi, wato CDD, ba a yanke shi kafin lokacinsa sai da yardar ɓangarorin biyu, ko babban laifi, ko wani abu da ya fi ƙarfin kowa. Wanda ya yanke ba bisa haka ba, ana iya bin sa diyya. Lokacin gwaji ne kawai kowa ke iya fita ba tare da dogon zance ba. Amma da yawa cikin ƴan informatik ba ma CDD ake ba su ba, prestataire ake kiransu, wato mai kwangila. Shi ba ma'aikaci ba ne a idon doka, galibi babu CNSS, kuma abin da aka rubuta a takardarsa shi ne alƙalinsa. Wanda ya rikice, ya je Inspection du travail a Maraɗi ya tambaya kafin ya ɗauki mataki.

Ta ƙanenmu irin ta biyun ce. A shafi na uku an rubuta cewa kowane ɓangare na iya janyewa in ya ba da sanarwa a rubuce kwana 15 kafin nan, kuma ba a biyan kuɗin ƙarshe sai an miƙa aiki. Ashe ƙofa a buɗe take. Kwana huɗun da Yamai ta ba shi ne ba su isa ba.

Nan ne muka daɗe muna magana, don abin ya taɓa mu. Shekarun baya muna da wani mai kula da na'urori a gidan rediyo, gwani ne, babu musu. Ya samu wuri mafi tsoka, da safe muka zo aka ce ya tafi. Lambar sirri ta babbar kwamfuta tana kansa. Sanarwoyin da mutane suka biya, kiɗan buɗe shiri, duk suna ciki. Mako uku muna karanta sanarwa daga takarda. Da aka kai na'urar aka buɗe da ƙarfi, wani sashe ya goge, har da hirarrakin da muka yi da dattawa kan tarihin garuruwan Gulbin Kaba. Biyu cikinsu yanzu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ba mu taɓa jin haushin ƙarin kuɗin da ya samu ba. Awa guda da zai zauna ya rubuta mana lambobi a takarda, ita ce ta tsaya mana a rai. Bayan shekara wasu suka kira mu suna tambaya a kansa. Muka ce ya iya aiki. Suka ce yaya ya bar ku? Muka yi shiru, kuma sun ji shirun.

Magini in ya bar katanga rabi, wani magini zai zo ya ga inda aka tsaya ya ɗora. Aikin kwamfuta ba ya ganuwa haka. Ƙanenmu ya shigar da kusan rabin rijistan, cikin wani tsari na Excel da shi kaɗai ya san kansa. Kuma sunayen nan mutane ne: mata ne na ƙauyukan wajen Kanambakashe da Sarkin Hausa, waɗanda in sunansu bai shiga kafin ranar rabo ba, za su taka sayyada su zo su koma hannu biyu. Ba za su taɓa sanin wani yaro ne ya hau mota ranar Lahadi da lambar sirri a kansa ba.

Babansa kuwa nasa ra'ayin a tsaye yake. Ya ce masa: "Waɗanga su suka ɗauke ka lokacin da ba ka da ko sisi. Kada ka saki reshe ka kama ganye." Mun girmama maganar Baba, amma ba mu bi ta duka ba. Mun ce wa yaron yana da haƙƙin tafiya, talauci ba amana ba ne da za a ce ya riƙe. Amma ba ranar Litinin ba, kuma ba ta bayan gida ba. Ya kira Yamai ya nemi takarda a rubuce, ya roƙi kwana 15. Ya je ya sami shef ɗinsa ido da ido kafin labari ya riga shi, don a Mayahi magana ba ta kwana. Ya rubuta duk lambobin sirri, ya koya wa wani tsarin, ya karɓi atestasiyon ɗinsa.

Ya ce: "Yaya, in suka ce ba su jira hwa? Mutum hamsin na layi." Wannan kam ba mu da amsar da za ta kwantar masa da hankali. Mai yiwuwa ne ya rasa wurin. Abin da muka iya ce masa kawai, gidan da ba zai iya jiran mutum ya sauke amanar wasu ba, ya fara nuna masa yadda zai yi da tasa.

Su ma masu ɗaukar aiki a saurara: ku daina barin lambar sirri a kan mutum guda, ku riƙa biya kan lokaci. Wanda kuka riƙe wa kuɗin wata har 20 ga wata na gaba, kada ku yi mamaki in wayarsa ta daina shiga.

Ga inda aka kwana. Shef ya yi faɗa, ya huce, ya yi tayin ƙarin jika 20, yaron ya ba da haƙuri. Yamai ta ce kwana 10 za ta iya jira. Shef ya yarda da goman a rubuce, da sharaɗin ya riƙa ɗaukar waya ranar Asabar har wata guda. Yanzu haka yana zaune da yarinyar da za ta karɓi aikin, suna bin rijista shafi-shafi. Ranar Alhamis zai bi ta Cadawa ya kama hanya. Takardar Yamai ta iso jiya ta WhatsApp, kuma a cikinta akwai lokacin gwaji na wata uku, abin da abokin nasa bai faɗa masa ba. Baba bai sani ba tukuna.

Za mu buɗe layi kan wannan magana a shirin daren Juma'a. Wanda ya taɓa barin aiki a tsakiya, ko aka bar masa, ya rubuta mana a ƙasa yadda ta kaya.