Baƙo Raɓa Ne

Daga Aboabo zuwa Bantama ba wata tafiya ba ce. Mota ɗaya za ta sauke mutum a Kejetia, ya ɗan taka ya hau tudu, sai ga shi a ƙofar asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda iyayenmu har gobe suke kira Gee, da sunan 'yan kwangilar da suka gina shi a shekarun 1950. Wannan 'yar hanya muka yi mako uku ba mu bi ba, alhali maƙwabciyarmu tana can tana jinyar ɗanta.

Yaron shekararsa biyar, bai taɓa zama da kansa ba, bai taɓa cewa Mama ba. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a wannan karon. A unguwa ba a faɗa da ƙarfi, amma kowa ya san sunan da ake ba shi a bayan idon uwarsa: ɗan ruwa. Maƙwabtanmu Asante ma suna da tasu kalmar, nsuoba, ma'anar kuma ɗaya ce. Lokacin da zazzaɓin sauro ya kwantar da yayarsa, gidanmu kaf muka yi dubiya, da kwanukan tuwo da koko da ƙosai. Da aka zo kansa, kowace a cikinmu ta sami uzuri.

Ranar da kunya ta kai mu, mun tarar da wata baturiya, ɗaliba, wadda ta zo aikin sa kai na 'yan makonni. Ta jingina yaron a ƙirjinta, ta tallafe kansa kamar yadda nas ta nuna mata, tana ba shi koko rabin cokali rabin cokali don kada ya ƙware. Uwar tana gefe kan kujera, barci ya sace ta da rana tsaka. Da ta farka ta gan mu da ƙunshin abinci, sai ta dubi babbarmu ta ce, "Iya, ba abinci na rasa ba. Wanda zai riƙe min shi in yi wanka na rasa."

Babu wadda ta iya amsa mata. Yarinya ta ƙetaro teku ta yi abin da mu, da kuɗin mota ɗaya, muka kasa.

Sai dai mun ga iyakar baƙuwar tun a ranar. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Asantanci, uwar kuma Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Da hannu suke magana. Da mai gashin ƙashi ya zo, 'yarmu da ta gama sakandare ce ta tsaya tafinta, a nan ne uwar ta fahimci cewa miƙar da ƙafafun yaron aiki ne na kullum a gida. Bayan kwana goma baƙuwar ta koma ƙasarsu. Kwana biyu yaron yana juya kai duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Baƙo raɓa ne, in ji magabata. Ba laifinta ba ne, wa'adinta ne ya cika. Mu ne ba mu da ranar tafiya.

A bakin likitoci muka ji abin da ya kamata mu sani tuntuni. Irin wannan larura takan samo asali daga doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau. Ƙwaƙwalwa ce ta sami rauni, babu hannun ruwa, babu na aljan. Garinmu ma shaida ne cewa sani yana sauya suna. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma yaran da a da za a yi musu kallon 'yan wabi suka sami sunan ciwonsu da hanyar kula da shi. Ghana ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu tun 2006. Makarantar Garden City ta yara masu buƙata ta musamman tana Asokore Mampong, cikin ƙaramar hukumarmu. Amma doka ba ta riƙe yaro uwa ta yi wanka.

Zango masaukin baƙi ne. Kakanninmu fataken goro sun sauka a ƙasar Asante ba dangin iya ba na baba, suka rayu da abu ɗaya: wanda ya riga sauka ya karɓi mai zuwa. Da wannan gado ne muke cika gidan suna da gidan rasuwa. Yaya aka yi ya tsaya a bakin gadon yaron da ba ya tafiya?

Daga ranar muka raba kwanaki. Mata biyu Litinin, biyu Alhamis, a lokacin dubiya kuma da izinin ma'aikatan jinya. A adashinmu muka ware hannu ɗaya don kuɗin motar kai shi gashi. Samarin gidan suka ɗauki nauyin sauko da shi daga mota. Ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma bai sa yaron ya miƙe ba.

An sallame shi yanzu. Makon jiya da aka yi suna a gidanmu, uwarsa ta fito da shi tsakar gida karon farko, ta zaunar da shi a cinyar Iya, ta shiga layin masu rabon abinci. A layinku ma akwai ɗakin da labulensa ba ya ɗaguwa, kun kuma san ko na wace ce. Zumunta a ƙafa take. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri da mataimaka.